Itacen da Iska ta Kayar

Guguwar watan Satumba ce ta raba ni da kwalekwalena. Na ja shi can sama da inda ruwa ya saba kaiwa, na ɗaure shi da igiya biyu a jikin kwakwa. Da gari ya waye babu kwalekwalen, babu kwakwar. Mu goma sha ɗaya muka yi irin wannan asara a garinmu da ke gaɓar tsibirin nan. Sauran suka zauna jiran abin da gwamnati za ta yi. Ni ban jira kowa ba, don tun kafin in zama masunci ni masassaƙi ne, kuma ina da itace a kan dutse.

Gyaran rufi ne ya cinye mini wata biyar. Duk tsawon lokacin nan shinkafar agaji nake ci da kifin gwangwani. Ni Boniface, da na shekara talatin ina fito da kifi daga teku da hannuna, wai yau ni ne ke bin layi a miƙo mini kifi a gwangwani, in ce na gode. Ga shi manyan kifi daga Fabrairu suke fara bin gaɓarmu, zuwa Yuni sun wuce. In ban shiga ruwa a cikin watannin nan ba, shekarar ta tafi ke nan, sai in ci gaba da bin layi.

Itacen da nake magana gomiye ne, irin wanda muke sassaƙa kwalekwale da shi. Mahaifina ne ya sa masa alama ina ɗan shekara tara: sara uku a jere, da gicciye a ƙasansu. A wajenmu in mutum ya sa alamarsa a jikin gomiye ya zama nasa, in ya mutu ya zama na ɗansa, kuma ko ɓarawo ba ya taɓa shi. Baba ya ce a bar shi ya yi ƙiba. Na bar shi shekara arba'in da uku. Yanzu na je ofishin gandun daji na karɓo takardar izini, na wasa gatari, na jira duhun wata. Ba ma saran itacen kwalekwale sai a kwana ukun nan da wata ke ɓacewa. In ka sare shi da farin wata, ruwan jikinsa yana sama, tsutsa za ta cinye maka shi kafin shekara biyu. Haka na taras, haka kuma na gani da idona a kwalekwalen masu gaggawa.

Ranar farko ta duhun watan Fabrairu muka hau, ni da Ambrose, abokin kamun kifina tun muna samari. Ranar ta faɗo cikin biki, ana can ana kaɗe-kaɗe a gari, shi kuma ya wuni jiya yana shan giyar rake, don haka tun daga bakin titi yake mita. Ni ina riƙe da gatari da adda, shi ya saɓa injin yankan itace da muka aro.

Dajin ya zama wani iri. Da can in ka shiga sai ka ga kamar magariba, yanzu rana ce ke dukan ƙeyarka. Bishiyoyin da suka tsira sun tsaya tsirara, ganye ya fara tsiro musu a jiki kamar gashin hammata. Waɗanda suka faɗi kuwa ba su ƙirguwa. Wani mu tsallake, wani mu rarrafa ta ƙarƙashinsa.

Ambrose ya tsaya a gaban wani ƙaton gomiye da ya gitta hanya, ya sauke injin yana haki.

Ya ce, "Boni, kai dai wahala kake so. Dubi wannan. Allah ya sare mana shi, ya kwantar mana a bakin hanya, fafewa kawai ya rage."

Na ce, "Iska ce ta kayar."

"To iskar ba ta Allah ba ce?"

"Ɗauki injinka mu tafi. Ba a sassaƙa itacen da iska ta kayar."

"Ka ce dai kai ba ka sassaƙawa."

"Ubanka ma bai sassaƙa ba."

"Ubana ai ko cokali bai iya sassaƙawa ba, me ya kawo shi cikin maganar?"

Ban ko kalli itacen ba na wuce.

Awa huɗu muka yi kafin mu isa. Yana nan tsaye. Guguwa ta ɗauke masa rabin kai, amma gangar jikin miƙe take sambal, mutum uku ba za su rungume ta ba. Alamar Baba ta buɗe ta yi faɗi, farin ƙaro ya daskare a gefenta. Na juya gatari na buga da ƙeyarsa, na kara kunne. Na zagaya na sake bugawa. Itace mai kogo amsawa yake kamar ganga, mai tsaga a ciki kamar fasasshiyar ƙwarya. Wannan ya amsa gajere, da nauyi. Ƙafa talatin zan fitar a ciki, kwalekwalen mutum huɗu, irin wanda zai kai mu inda ba a hango tsibiri.

Muna share gindin da adda sai wani ɓawon 'ya'yan itace ya faɗo wa Ambrose a kafaɗa. Wani ya sake faɗowa. Muka ɗaga kai. Can sama, inda wani babban reshe ya taɓa karyewa tun da daɗewa, akwai kogo, kuma wani kai ya leƙo daga ciki yana kallonmu da ido ɗaya.

Ambrose ya ce, "Jako ne," yana nufin ƙaramin akun nan da ke cinye mana lemo a gona.

Na ce, "Ka taɓa ganin jako mai girman kaza?"

Tsuntsun ya ƙara fitowa. Baya kore, ƙirji shunayya mai duhu. Siseru ne, babban akun dajinmu.

Kowa ya san siseru, tunda shi ne a jikin tutar ƙasa, yara ma zana shi suke yi a makaranta. Amma ganinsa da rai wani abu ne. Ni da nake shiga daji tun ina yaro, sau uku na taɓa ganinsa. A cikin ukun nan sau ɗaya a tukunya ne. Bayan guguwar da aka yi ina ɗan shekara goma sha uku, yunwa ta sauko da su kusa da gari, mu ma yunwar muke ji, Baba ya harbo ɗaya. Naman tauri gare shi, ba abin da zan ce na tuna sai taurin.

Ambrose ya rage murya kamar akwai mai jin mu. "Kogon yana can sama, mu ƙasa muke so. Takardarka tana aljihu. Daga nan zuwa titi awa huɗu. Wa zai sani?"

Gaskiya ya faɗa, babu wanda zai sani. Na tofa yawu a tafi, na ɗaga gatari, tunda mai alama shi ke yin saran farko kafin a sa inji. Na sara ɗaya. Na sara biyu. A na uku sai wani ƙara ya tashi daga wata bishiya a gefe, kamar ana jan tsohuwar ƙofar ƙarfe. Namijin ne, yana can yana buɗe fukafukai yana zage-zage. Macen da ke bakin kogon kuwa ba ta tashi ba. Ta dube ni, ta dubi mijin, ta juya ta koma ciki.

Duk wanda ya taɓa kiwon kaza ya san abin da wannan ke nufi. Tsuntsuwar da ta ji gatari a gindin gidanta ta koma ciki, kwanci take yi a kan ƙwai.

Na sauke gatarin. Ba zan ce tausayi ba ne, don ban san na ji tausayi ba. Na dai ji ba na son yin abin a gaban idonta, kuma ina da sauran kwana biyu.

Na ce, "Mu tafi. Ma dawo."

"Mu tafi? Da injin nan a kafaɗata?"

"Ɓoye shi a ƙarƙashin saiwar can, ka rufe da ganye."

Ya yi ta zagina har muka sauka.

Washegari Larabar Toka ce, ranar da ake shafa mana toka a goshi a coci. Bayan an tashi daga coci na wuce gidan yayata Philomen, don na san 'yarta Jacinta za ta zo. Jacinta a gandun daji take aiki, tana cikin masu bin tsuntsaye suna rubutawa. Na same ta a bakin ƙofa, toka a goshi, tana kankare taɓo daga takalmin aikinta. Yaya tana gefe a kan kujerarta tana tsaga karan saƙa, wuƙa a hannu, kwando rabin saƙa a ƙafa.

Na zauna, aka ba ni shayin koko da gurasar rogo. Na yi ta kewaye-kewaye, na tambayi hanya, na tambayi ruwan famfo. Can na ce, "Wai ni kam, siserun nan naku, in ya yi ƙwai kwana nawa yake yi kafin ɗan ya tashi?"

Jacinta ta daina kankarewa. Ba ta ɗago ba ta ce, "Wata guda tana kwanci. Wata uku kuma suna ciyar da shi a kogo."

"Wato sai Yuni."

"Ko Yuli."

"Daga nan sun bar wurin?"

"A'a, Kawu. Kogon da suka zaɓa shi suke komawa, shekara da shekaru, muddin itacen yana tsaye." Sai a lokacin ta ɗago. "A ina ka gani?"

"Wa ya ce na gani? Tambaya na yi."

"Kai da ko sunan jikokin Mama ba ka tambaya."

Yaya ta yi wata 'yar dariya ta hanci, ta ci gaba da tsagarta.

Jacinta ta ajiye takalmin. Ta ce tun bayan guguwa suke taka dutsen nan, wata biyar, ƙafarta duk kanta. Sun ga ɗaiɗaiku, sun ji kukan wasu daga nesa, amma sheƙa ko ɗaya ba su gani ba. Kafin guguwa ma ba yawa gare su ba, yanzu babu wanda zai iya rantsewa a kan adadinsu, wasu na cewa ba su kai ɗari ba. Kuma duk duniya babu su sai a tsibirin nan. Ta ce ɗa ɗaya suke yi, wani lokaci sai sun tsallake shekara.

Na ce, "To na ji. Ni kuma fa? Siseru zai ciyar da ni?"

"Ba zai ciyar da kai ba."

"In na faɗa miki wurin, ke za ki ba ni itace?"

"Ba ni da shi, Kawu. Ba zan yi maka ƙarya ba. Zan iya rubuta takarda, amma ka san kafin a amsa, kifin ya wuce."

"To ki bar ni."

Ta ɗauki takalminta ta miƙe. "Na bar ka. Ba zan bi ka ba, ba kuma zan kai ka ƙara kan abin da ban gani ba. Amma in ka sare, kar ka gaya mini." Ta shige ciki.

Muka rage ni da Yaya. Ta tsaga kara biyu, uku. Sannan ta ce, "Na Baba ne ko?"

Na ɗauki shayina na kurɓa.

"Duk dutsen nan cike yake da gomiye a kwance, kai sai wanda ke tsaye."

"Ke ma kin fara irin ta Ambrose. Kin fi kowa sanin abin da Baba ya ce."

"Na sani. Me ya ce?"

"Ba a sassaƙa wanda iska ta kayar."

"Don me?"

"Don haka ya ce."

"Kai dai tun kana yaro rabin magana kake ji ka ruga. Ni na tsaya ya ƙarasa. Ya ce in ka tarar da itace kwance a daji, ba ka san ranar da ya faɗi ba. Ko da farin wata ne, ko da duhu, wa zai gaya maka? Shi ya sa ake barin sa." Ta nuna ni da wuƙar. "To waɗannan, akwai wanda bai san ranar da suka faɗi ba? Ko jariri ka tambaya zai gaya maka."

"Sai aka yi yaya?"

"Ranar guguwa da safe ina ka gan ni?"

Na tuna. Muna ta ƙoƙarin ja da ɗaure kwalekwale, ita kuma na hango ta tana saukowa da damin karan saƙa a ka, har na yi mata tsiya, na ce mutane na neman mafaka ita tana neman kwando.

Ta ce, "Ni da nake saƙa shekara hamsin, ka taɓa ganin na yanki kara da farin wata? Kai da ka kwana a ƙarƙashin tebur, ina za ka san abin da sama ke ciki. Shiga ɗaki ka duba."

Kalandar coci ta bara tana nan rataye a bangon ɗakinta, ba ta cire ba saboda hoton Maryamu, duk da ruwa ya jiƙa ta ta bushe ta yi ƙanƙam. Karatuna ba nisa, amma na san lamba, na kuma san ɗigon wata. Na buɗe Satumba. Guguwa ranar sha takwas ta zo. Baƙin ɗigon duhun wata yana kan ashirin. Na ƙirga da yatsa sau biyu. A cikin kwana ukunmu ta faɗo.

Na fito ina jin haushi, don ba na son a ce mai saƙar kwando ce ta koya mini sana'ata.

Na ce, "Wata biyar suna kwance a ruwa. Sun ruɓe. Wanda bai ruɓe ba iska ta murɗe shi ya tsage a ciki."

Ta ce, "Ƙila. Kunnenka ma guguwar ta ɗauke?"

Rana ta uku, ta ƙarshe, muka sake hawa tun da sassafe. Na gaya wa Ambrose a fili yadda za a yi: zan bi na kwance ina bugawa har rana ta karkata. In ban samu ba, mu wuce wajen na Baba mu kayar da shi kafin yamma, abin da zai faru ya faru. Da gaske nake, ba barazana ba.

Muka fara da wanda ya nuna mini shekaranjiya. Na buga, ya amsa luɓus. Na soka adda ta ƙasa ta shige kamar cikin dafaffiyar gwaza.

Na ce, "Ga kyautar Allahn taka."

Ya ce, "Ai shekaranjiya lafiyarsa ƙalau, bakinka ne ya ruɓar da shi."

Na biyu haka. Na uku a waje kamar lafiya, amma iska ta karya shi ne a tsakiya, kuma da na buga sai na ji fasasshiyar ƙwarya tun daga kai har gindi. A nan na fara gane yadda abin yake. Wanda iska ta karya, ya tsage. Wanda ya kwanta a ƙasa, ya sha ruwa. Abin nema shi ne wanda ta tumɓuke da saiwarsa, kuma bai taɓa ƙasa ba. Muka bar hanya muka riƙa bin kwazazzabai.

Har rana ta raba tsaka na buga goma sha huɗu, babu na kirki. Ambrose ya daina barkwanci. Muka zauna muka ci gurasar rogo da ayaba, daga inda muke kuwa muna jiyo ƙarar namijin nan can sama, yana yi yana dainawa. Ambrose ya dubi rana ya dube ni.

Ya ce, "In za mu je can, yanzu ne."

Na ce, "Bari mu leƙa kwazazzabon baya."

A can muka same shi. Ya tumɓuke daga wannan gefen, kansa ya sauka a wancan gefen, ya zama gada, ruwa na wucewa ta ƙasa iska na ratsa shi. Na hau na zauna a kansa kamar doki, ina ja da gindi ina bugawa. Wajen kan ya tsage inda ya daki dutse. Na dawo baya, na buga, na kara kunne. Gajere, da nauyi. Na rataya na buga ta ciki. Haka. Na auna da igiya daga inda tsagar ta ƙare zuwa saiwa: ƙafa ashirin da biyu.

Ƙafa ashirin da biyu kwalekwalen mutum biyu ne. Ba zai kai mu inda ba a hango tsibiri ba, kuma ranar da teku ta yi fushi dole mu zauna a gida. Na Baba yana can sama, tafiyar rabin awa, ƙafa talatin, na shekara arba'in da uku ina jiransa. Na daɗe zaune a kan itacen nan ƙafafuna na reto.

Ambrose ya ce, "To? Ni dai injin yana can ƙarƙashin saiwa, ko ta yaya sai na hau."

Na ce, "Je ka ɗauko shi. Kar ka tayar da shi a can. Kuma ka tafi a hankali, ka rufe bakin nan naka."

Na zaro wuƙa na sa wa na kwancen alama, sara uku da gicciye.

Ranar Asabar na kai Jacinta wajen itacen Baba. Da muka kusa na ce ta cire hular nan tata mai haske. Ta kwanta a bayan wata saiwa da madubin hangen nesa, ta yi awa uku ba ta motsa ba, tururuwa na bin ta. Da namijin ya zo ya ba macen abinci baki da baki a ƙofar kogon, sai na ga kafaɗunta na rawa. Na juya na dubi wani wajen.

Da za mu tafi ta ga saran gatarina guda uku, farin ƙaro ya fara cike su. Ta shafa su. Ta zaro wani ɗan faifan ƙarfe mai lamba da ƙusa.

Na ce, "Me za ki yi?"

"Alamar ofis ce, Kawu. Don a san an kare shi."

"Ki buga wannan, duk mai wucewa ya san akwai abin kallo a sama. Mayar da shi jaka. Itacen nan nawa ne, kowa ya san saran nan. Muddin ina da rai babu mai ɗaga masa gatari."

"In ka mutu fa?"

"Ba ni da ɗa namiji. Sai ki koyi yin sara uku da gicciye."

Ta mayar da faifan.

Sati biyu muka yi a kwazazzabon muna fafewa da gizago. Ranar saukowa da shi na kira gayya, Yaya ta dafa gwaza da kifi, na sayi giyar rake. Rabin waɗanda na kira ne suka zo. Sauran sun ji cewa iska ce ta kayar, suka ce ba za su sa hannu a akwatin gawar Boniface ba. Eustace, wanda shi ma guguwa ta ɗauke masa kwalekwale, shi ya fi kowa baki. Duk yamma sai ya zo bakin gaɓa inda na cika shi da duwatsu da ruwa ina hura wuta a gefe don bakin ya buɗe, ya tsaya hannu a aljihu.

"Boni, ka auna tsawonka kuwa? Kar a zo binne ka ƙafa ta leƙo."

Na ce, "Ai da tsawonka na auna, har da wurin cikinka."

Itacen ya buɗe ba tare da ya tsage ba. Na ɗora masa katako a gefe da gefe, na toshe da ƙaro, na shafa fenti. Ƙarshen Afrilu muka tura shi ruwa. Fadan cocinmu ya yayyafa masa ruwan albarka. Mutanen gari suka cika gaɓa, wasu don murna, wasu don su ga ya kife. Ambrose ya fito sanye da rigar ceto har biyu, ɗaya kan ɗaya, ya rungumi matarsa ya ce ta kula da akuyoyi.

Ba zan ɓoye ba, ya karkata hagu. Gefen da ya kalli ruwa wata biyar ya fi ɗaya gefen nauyi. Na ji gaɓa ta ɗauki surutu. Na sauka, na ɗauko dutse mai girman kan mutum na ajiye a dama, na koma na zauna. Ya daidaita. Muka keta igiyar ruwa ta farko, ta biyu, ya ɗaga hanci ya sauka lafiya, ko cikin kofi na ruwa bai sha ba.

Da la'asar muka dawo da manyan kifi shida. Ba wani abin a-zo-a-gani ba ne, da tsohon kwalekwalena na sha kawo ninkinsu. Amma da hannuna na fito da su. Na yanke mafi girma na aika wa Yaya, na ce a gaya mata ban ce ta yi gaskiya ba, kifi dai na aiko.

Jacinta ce ta zo karɓa, don ta sauko daga dutse ranar. Ta tsuguna kusa da ni ina fasa cikin kifi, ta rage murya.

"Kawu, an ƙyanƙyashe. Ban gan shi ba tukuna, amma na ji kukansa in uban ya kawo abinci. Murya kamar taka."

"Guda nawa?"

"Ɗaya. Saura wata biyu kafin ya tashi, in shaho da ɓera sun bar shi."

"To ki koma ki zauna masa, me kike yi a nan?"

Ta ɗauki kifin ta tafi tana dariya.

Ina wanke wuƙa sai na ga inuwa a kaina. Eustace ne. Ya zagaya kwalekwalen, ya ƙwanƙwasa gefe da yatsa, ya leƙa ciki ya ga dutsen, ya taɓe baki.

Ya ce, "Ya karkata."

Na ce, "Ya karkata. Naka fa, ta ina ya karkata?"

Ya tsaya yana kallon kifin. Can ya ce, "Akwai wani a bayan gonar surukina, shi ma ya gitta kwazazzabo. Ban ce zan sassaƙa ba. In ka samu lokaci dai, ka zo ka buga ka ji."

Na ce masa gobe ina ruwa, jibi ma haka. Ranar Lahadi bayan coci ya jira ni a bakin titi, ya gaya wa sauran tara duk mai so ya zo da gizagonsa, don da damina ta sauka abin da ya rage a dajin nan ruɓewa zai yi.